Gwajin Kilamidiya Bayan Saduwa: Ranar da Za a Je, Gwajin da Za a Nema, da Abin da Ke Biyo Baya

Wani ya tambaye ni: kwaroron roba ya fashe masa shekaranjiya, shin idan ya je gwaji gobe za a gane ko ya kamu? Wata ta ce an sanar da ita cewa wanda suka sadu yana ɗauke da kilamidiya, amma ita lafiyarta ƙalau, ko ta dakata sai ta ga alama? Na ukun ya riga ya kai fitsari ɗakin gwaji, an ce masa babu komai, ga shi kuma har yau fitsari na yi masa zafi. Ire-iren waɗannan tambayoyi sun yi yawa, har na ga gara a tsara amsar wuri guda, daki-daki. Na farkon ya yi garaje, ta biyun tana jiran abin da watakila ba zai taɓa zuwa ba, na ukun kuma ba gwajin da ya dace aka yi masa ba.

Kilamidiya ƙwayar bakteriya ce da ake ɗauka ta hanyar saduwa, kuma maganin mako guda yana kashe ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kaɗai an samu sababbin kamuwa kusan miliyan 128.5 tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49. Abin da ya sa take yaɗuwa haka shi ne akasarin masu ɗauke da ita ba su san suna da ita ba. Gwaji ne kawai ke tona ta, shi kuwa gwajin yana da lokacinsa da ƙa'idarsa.

Mataki na 1: A rubuta ranar da abin ya faru

Kafin komai, a ɗauki takarda ko waya a rubuta abu uku: ranar da aka sadu, ko an yi amfani da kwaroron roba daga farko har ƙarshe, da kuma sassan jikin da abin ya shafa. Na ƙarshen nan mutane na jin nauyin rubuta shi, alhali shi ne zai nuna inda za a ɗauki samfurin gwaji. Ƙwayar tana zama ne a inda ta shiga: hanyar fitsari, bakin mahaifa, dubura ko maƙogwaro.

Ba sai an fitar da maniyyi ake kamuwa ba. Haɗuwar gaba da gaba ta isa, haka ma amfani da kayan wasan jima'i tsakanin mutum biyu ba tare da an wanke ba. Ruwan gaba idan ya shiga ido yana iya jawo ciwon ido. Amma ba a ɗaukar ta a bakin masai, ko tawul, ko kofi, ko wurin ninƙaya, ko ta runguma da sumba.

Hattara: idan an sadu fiye da sau ɗaya ba kariya, daga saduwar ƙarshe ake fara lissafi. Duk sabuwar saduwa tana mayar da ƙidayar zuwa farko.

Mataki na 2: Awa 72 na farko

A waɗannan kwanaki uku babu abin da gwajin kilamidiya zai tabbatar game da wannan saduwar. Amma akwai abubuwa biyu da ba sa jira, don haka a fara da su.

Na farko, idan akwai yiwuwar ɗayan yana ɗauke da HIV, akwai maganin rigakafi da ake kira PEP. Dole a fara shan sa cikin awa 72, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Ana shan sa kwana 28. Na biyu, idan ana gudun ɗaukar ciki, ƙwayar hana ciki ta gaggawa tana da iyakarta: wata awa 72, wata awa 120, robar mahaifa mai jan ƙarfe kuma ana iya sa ta cikin kwana 5. Wanda aka yi wa fyaɗe, mace ko namiji, kada ya tsaya lissafin kwanaki, ya tafi asibiti a ranar, domin a irin wannan hali ana ba da magungunan rigakafi nan take.

Hattara: kada a je kemis a sayi antibayotik a sha "don rigakafi", kada kuma a sha ragowar wanda ke gida. Maganin da bai dace ba, ko wanda aka sha rabi, yana iya rage yawan ƙwayar yadda gwaji ba zai gan ta ba, ita kuwa tana nan da ranta. Wanke cikin farji da sabulu ko ruwan kashe ƙwayoyin cuta ma ba ya hana kamuwa, sai dai ya ɓata ƙwayoyin da ke kare wurin.

Mataki na 3: A lura da alamomi, amma kada a dogara da su

Idan alama za ta fito, yawanci tsakanin mako 1 zuwa 3 bayan saduwa take fitowa. Wani lokaci sai an yi watanni. Wanda ya wayi gari washegarin saduwa da zafin fitsari, da wuya a ce kilamidiyar daren jiya ce. Ko dai goguwar fata ce, ko wata cuta daban, ko tsohon kamuwa da yake ɗauke da shi tun da.

Ga mace, abin lura shi ne ruwan gaba da ya sauya launi ko ya ƙaru, zafi lokacin fitsari, ciwon mara, zafi a ciki lokacin saduwa, da ganin jini bayan saduwa ko tsakanin al'ada da al'ada. Wannan jinin yana fitowa ne daga bakin mahaifa da ya kumbura har ya zama da an taɓa shi sai ya yi jini. Mata da yawa suna ɗaukar sa rikicewar al'ada su share.

Ga namiji, ruwa fari ko mai kama da ruwan sha yana fitowa daga kan azzakari, sau da yawa ɗan kaɗan, an fi ganin sa da safe kafin fitsarin farko. Akwai zafi ko raɗaɗi lokacin fitsari, da ƙaiƙayi a cikin hanyar fitsarin. Idan ta hau sama, ɗan maraina ɗaya ya kumbura ya yi ciwo. Mugunya mai kauri, rawaya ko kore, da ta zo cikin 'yan kwanaki ta fi kama da gonoriya, wata cutar da ita ma ake ɗauka ta saduwa, sai dai ido ba ya raba su, kuma sau da yawa tare suke zuwa.

A dubura tana iya jawo ciwo, majina ko jini. A maƙogwaro kusan kullum shiru take yi.

To ga inda gizo ke saƙar. Kusan mata 7 cikin 10 masu ɗauke da ita ba sa jin komai, maza kuma kimanin rabi. Wasu kuma su ji alama ta 'yan kwanaki ta ɓace, su ce ai sun warke. Ɓacewar alama ba tafiyar ƙwayar ba ce. Tana iya zama a jiki watanni, har fiye da shekara, ana ba wa wasu. A jikin mace tana iya hawa daga bakin mahaifa zuwa mahaifa da bututun ƙwai ta haddasa kumburi a ƙugu, abin da ke samun kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na waɗanda ba a yi wa magani ba. Tabon da kumburin ke bari a bututun shi ne ke toshe hanyar ƙwai, ya kai ga rashin haihuwa, ko ɗaukar ciki a wajen mahaifa, ko ciwon mara da ba ya jin magani. Akwai matan da ba su san sun taɓa kamuwa ba sai ranar da aka fara binciken dalilin rashin haihuwa.

Hattara: waɗannan ba na jira ba ne, a tafi asibiti a ranar. Ciwon mara mai tsanani tare da zazzaɓi ko amai. Ciwon mara gefe ɗaya ko jini ga macen da ta yi ɓatan wata. Ciwon maraina mai tsanani da ya zo farat ɗaya, domin yana iya zama murɗewar ɗan maraina, wadda ke buƙatar tiyata cikin 'yan awanni.

Mataki na 4: A ƙirga kwana 14

Wannan ne matakin da aka fi tambaya a kansa. Ƙwayar kilamidiya ba ta hayayyafa sai a cikin ƙwayoyin halittar jikin mutum, kuma kowane zagaye na hayayyafarta yana ɗaukar kwana 2 zuwa 3. Sai ta yi zagaye da dama kafin yawanta ya kai yadda za a tabbata samfurin da aka ɗauka ya kwaso ta. Shi ya sa aka tsayar da mako 2 a matsayin lokacin da sakamako ke zama abin dogaro. Idan an sadu ranar 3 ga wata, ranar 17 ga wata ce ranar gwaji, ko bayanta.

Gwaji yana iya kama ta kafin nan, a mako na farko ma. Bambancin shi ne wannan: idan gwajin da aka yi da wuri ya ce akwai, to akwai, a fara magani. Idan ya ce babu, bai wanke mutum ba, sai an maimaita bayan kwana 14 sun cika. Wanda kuɗinsa na gwaji ɗaya ne tak, ya haƙura ya jira ranar.

Sai dai ba kowa ne zai jira ba. A duba wane hali ake ciki.

Mai alama ba ya jira. Ya je a ranar da ya ga alamar, ko da kwana 5 ne da saduwa. Likita zai ɗauki samfur, kuma sau da yawa zai fara ba da magani kafin sakamako ya fito.

Wanda aka tabbatar masa cewa abokin saduwarsa na da ita, shi ma ba ya jira. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce a gwada shi kuma a ba shi magani, musamman idan saduwar ba ta wuce mako 2 ba, tun da a wannan lokacin gwajin na iya kasa kama ta. Ba sai an ga alama ba.

Mai juna biyu ta gaya wa ungozoma ko likitan da ke duba ta tun da wuri, su tsara mata lokacin.

Wanda babu alama, kuma bai san halin da ɗayan ke ciki ba, shi ne mai jiran kwana 14. A cikin kwanakin nan ya ƙaurace wa saduwa, in kuwa ba zai iya ba, to da kwaroron roba. Na san jiran nan yana hana barci, amma gwajin kwana 2 ba ya sayo kwanciyar hankali ta gaskiya, domin takardar da za a miƙo ba ta amsa tambayar da ake yi ba.

Idan kuma an yi wata 3 ko shekara da saduwar, lokaci bai wuce ba. Muddin ƙwayar na jiki, gwaji zai same ta.

Mataki na 5: A nemi gwajin da sunansa

Gwajin da ake so shi ne wanda ke neman ƙwayoyin gado na ita bakteriyar. A takardun asibiti ana rubuta shi NAAT, wasu wuraren kuma PCR. A faɗi sunan nan ƙarara: "Gwajin kilamidiya da gonoriya nake so, na NAAT ko PCR." Yawanci samfur ɗaya ya isa a duba cututtukan biyu.

Kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane shi ne biyan gwajin da ba ya ganin kilamidiya kwata-kwata. Gwajin fitsari na yau da kullum, wanda ake tsoma takarda ko a shuka fitsarin a faranti a ga abin da zai tsiro, ba ya kama ta, saboda ita ba ta tsirowa a irin wannan faranti sai a cikin ƙwayar halitta mai rai. Haka shukar da ake yi da ruwan farji. Sakamako zai dawo "babu abin da ya tsiro", mutum ya koma gida da murna. Gwajin sankarar bakin mahaifa ma aikinsa daban. Gwajin jini da ke neman garkuwar jiki kuwa ba ya bambanta kamuwar yau da ta shekarun baya, don haka ba shi da amfani wajen wannan tambayar. Akwai kuma 'yan ƙananan kayan gwajin nan-take masu nuna layi kamar na gwajin ciki. Araha ne da su, amma da yawansu suna tsallake masu cutar, saboda haka "babu" ɗinsu ba abin riƙewa ba ne.

Game da kuɗi, NAAT ya fi waɗancan tsada saboda injin da sinadaran da yake buƙata. Kafin a biya, a tambayi abu huɗu: shin kuɗin ya haɗa da gonoriya, shin kowane sashe na jiki da aka ɗauki samfur ana biyan sa daban ne, shin ganin likita na ciki, kuma kwana nawa sakamako ke ɗauka. A ƙasashe da dama asibitocin gwamnati na lafiyar jima'i, da na tsarin iyali, da cibiyoyin matasa suna yin sa kyauta ko da rangwame, don haka a fara tambaya a can. A wasu ƙasashen ana aiko da kayan ɗaukar samfur har gida, mutum ya ɗauka da kansa ya mayar ɗakin gwaji. Wannan ba laifi, matuƙar NAAT ɗin za a yi da shi.

Inda babu irin wannan gwaji sam, likitoci suna bin tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi, na yin magani bisa alamomi da tarihin saduwa. Namiji mai fitar ruwa daga gaba, alal misali, ana ba shi maganin gonoriya da na kilamidiya a tare. Wannan aikin likita ne, ba na mai sayar da magani ba.

Mataki na 6: Ɗaukar samfur

A nan ƙaramin kuskure ke ɓata gwaji mai tsada.

Namiji: fitsari za ka bayar. Ka riƙe fitsarinka aƙalla awa 1 kafin lokacin, awa 2 ya fi. Kada ka wanke ko ka goge kan azzakari gab da bayarwa. Farkon fitsarin ake so, wanda ya fara fitowa, mililita 20 zuwa 30, wato kamar babban cokali 2. Da ka tari wannan, ka ƙarasa sauran a masai. Dalili kuwa farkon fitsarin shi ke wanko ƙwayoyin da ke manne a hanyar fitsari.

Hattara: wannan kishiyar abin da aka saba ne. A gwajin ciwon mafitsara ana cewa a zubar da farkon a tari na tsakiya. Idan ka yi haka a nan, ka zubar da abin da ake nema. Kada kuma ka cika robar taf, yawan fitsarin yana tsarma samfurin.

Mace: tsinken auduga da ake gogawa a cikin farji ya fi fitsari kama ƙwayar, kuma za ki iya yi da kanki a bayan gida, ba sai an duba ki ba. Wanda kika ɗauka da hannunki daidai yake da na ma'aikaciyar jinya wajen inganci. Ki wanke hannu, ki riƙe tsinken ba tare da kin taɓa kan audugar ba, ki shigar da shi kimanin santimita 5, ki juya shi yana gogar bangon farji na daƙiƙa 10 zuwa 30. Ki fitar da shi ba tare da ya taɓa fata ba, ki sa a cikin kwalbar da aka ba ki, ki karya tsinken a inda aka yi masa alama, ki rufe. Ruwan da ke cikin kwalbar shi ke adana samfurin. Idan ya zube, ki nemi sabuwa. Jinin al'ada ba ya hana gwajin, sai dai ki faɗa musu. Ki kuma faɗa idan kina matsa wani magani ko shafa man magani a wurin. Mai ciwon mara ko zubar jini kuwa, ta bari likita ya duba ta, tsinken kaɗai ba zai nuna ko cutar ta hau sama ba.

Dubura da maƙogwaro: fitsari ba ya nuna abin da ke waɗannan wurare. Mutum na iya samun sakamako mai kyau a fitsari alhali ƙwayar na dubura. Idan saduwar ta shafi can, sai an goga tsinke a can. Ba ya ɗaukar minti ɗaya, kuma akasari ana barin mutum ya yi da kansa. A nan takardar mataki na 1 ke amfani: wanda bakinsa ya yi nauyi ya miƙa ta kawai. Ma'aikacin lafiya ya ji abin da ya fi wannan, kuma sirrin majiyyaci amana ce a wuyansa.

A gaya wa likita duk wani antibayotik da aka sha a makonnin baya, ko da na haƙori ne ko na tari.

Mataki na 7: Sakamako

Yawanci yana fitowa cikin 'yan kwanaki, wani wurin har mako 1 ko 2. Inda ake da injin GeneXpert, irin wanda ake gwajin tarin fuka da shi, ana iya samu cikin kimanin minti 90. Kafin a bar wurin a tabbatar ta yaya za a sanar, kuma kada a ɗauki shirun asibiti a matsayin albishir. A kira a tambaya.

Idan ba a samu ƙwayar ba, kuma an yi gwajin bayan kwana 14, daga wurin da ya dace, ba tare da an sha antibayotik ba, to a yarda da shi. Idan ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan ya faɗi, a maimaita. Wanda sakamakonsa ya ce babu amma alama na nan, ya koma wurin likita, domin akwai wasu ƙwayoyin da ke kawo alamomi iri ɗaya, kuma kowacce da maganinta. Wani lokaci sakamako na dawowa bai bayyana ba, sai a sake ba da samfur.

Idan an samu, akwai abin da nake so ma'aurata su ji da kyau. Gwajin ba ya faɗin ranar da aka kamu, ba ya kuma faɗin wa ya ba wa wani. Tun da ƙwayar na iya zama shiru fiye da shekara, mutum na iya shigowa da ita sabuwar dangantaka bai sani ba. Takardar ɗakin gwaji ba shaidar cin amana ba ce a karan kanta.

Mataki na 8: Magani

Wanda aka fi bayarwa yanzu shi ne doksisaikilin, miligiram 100, safe da yamma, kwana 7. Akwai azituromaisin da ake sha giram 1 lokaci guda, wanda ya fi sauƙin sha, amma doksisaikilin ya fi shi kashe ƙwayar, musamman wadda ke dubura. Mai juna biyu ba a ba ta doksisaikilin, azituromaisin ake ba ta, ko amoksisilin na kwana 7. Duk macen da ke zaton tana da ciki, ko tana shayarwa, ta faɗa kafin a rubuta mata magani. Idan an samu gonoriya tare, akwai allura daban da ake ƙarawa. Idan cutar ta hau mahaifa ko maraina, maganin yana ƙaruwa kuma kwanakin suna tsawaita, don haka kada wani ya kwafi takardar maganin wani.

Doksisaikilin yana da 'yan ƙa'idoji. A sha da cikakken kofin ruwa, a zaune ko a tsaye, kada a kwanta sai bayan aƙalla rabin awa, domin idan ya maƙale yana ƙona maƙoshi. A raba shi da madara, maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, da maganin ƙwannafi da kamar awa 2, saboda suna hana jiki tsotse shi. Yana sa fata saurin ƙonewa a rana. Idan yana tayar da zuciya, a sha bayan an ci abinci. Wanda ya yi amai jim kaɗan bayan sha, ko ya tsallake sha sau da dama, ya koma ya faɗa.

Hattara: babu saduwa ta kowace hanya, ko da kwaroron roba, har sai an gama kwana 7 na doksisaikilin, ko an cika kwana 7 bayan shan azituromaisin, alamomi sun tafi, kuma shi ma ɗayan ya gama nasa. A shanye maganin duka ko da an ji sauƙi a kwana na 3. Flagyl da magungunan ƙaiƙayin gaba ba sa kashe kilamidiya.

Zafin fitsari da fitar ruwa kan lafa cikin mako guda. Ciwon mara ko na maraina yakan ɗan fi daɗewa. Idan an gama magani alama ba ta ragu ba, a koma asibiti.

Mataki na 9: A sanar da abokin saduwa

Wanda ya sha magani ya bar abokin kwanciyarsa ba magani, ya kashe maciji ne bai sare kansa ba. Jiki ba ya samun garkuwar da za ta hana sake kamuwa, kuma ga mace kowane sabon kamuwa yana ƙara haɗarin lalacewar bututun ƙwai.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce a sanar da duk wanda aka sadu da shi cikin kwana 60 kafin fitowar alama ko sakamako. Idan ba a sadu da kowa ba a wannan tsakanin, a sanar da na ƙarshe komai daɗewa. A Birtaniya ana komawa baya har wata 6 idan mai cutar bai da alama. Duk wanda aka sanar, a gwada shi a kuma yi masa magani, ko da ya rantse lafiyarsa lau.

Saƙon ba ya buƙatar dogon bayani: "An gwada ni an samu kilamidiya. Tana warkewa da magani, amma ya kamata a gwada ka kai ma, ko da ba ka jin komai." Wasu asibitocin suna aika saƙon a madadin mutum ba tare da ambaton sunansa ba, wasu kuma suna ba da maganin a kai wa ɗayan. Wadda ke tsoron duka ko cin zarafi idan ta faɗa, ta gaya wa ma'aikacin lafiya tukuna, a nemo hanyar da ba za ta jefa ta cikin haɗari ba.

Mataki na 10: Sake gwaji

Kada a ruga a maimaita NAAT da an gama magani. Gwajin yana ganin ragowar matattun ƙwayoyi, sai ya ce akwai alhali an warke. A bar aƙalla mako 3 zuwa 4. Wanda ya sha maganin daidai kuma alama ta tafi, akasari ba ya buƙatar gwajin tabbatar da warkewa. Mai juna biyu ce ake yi wa, kimanin mako 4 bayan magani, saboda jariri na iya ɗauka lokacin haihuwa ya yi ciwon ido a kwana 5 zuwa 12 na farko, ko ciwon huhu tsakanin wata 1 zuwa 3.

Gwajin da kowa ke buƙata shi ne na bayan wata 3. Shi ba warkewa yake dubawa ba, sake kamuwa yake nema, wadda ke yawan faruwa a wannan tsakanin. A sa ranar a waya tun yanzu.

Sauran cututtukan da saduwa ɗaya za ta iya kawowa kowacce da nata lokacin, kuma sakamakon kwana 14 bai shafe su ba. Gwajin HIV na ɗakin gwaji, wanda ake ɗibar jini daga jijiya, yana zama abin dogaro a kwana 45. Wanda ake huda yatsa kuwa na iya buƙatar kwana 90. Tunjere da ciwon hanta nau'in B ana duba su da jini, a kuma maimaita a wata 3. Saboda haka ziyarar wata 3 ɗin nan za ta iya haɗa su duka a zama ɗaya. Daga nan, mace 'yar ƙasa da shekara 25 da ke saduwa ana ba ta shawarar gwajin kilamidiya sau ɗaya a shekara, haka duk wanda ya sauya abokin saduwa, ko da babu abin da ke damun sa.